Ƙwan da Bai Kama Ba

A makarantar babu mai kiranta da sunan yanka. Yara ne suka laƙa mata Malama Nuna-Mini, sunan ya bi ta har ofishin malamai, har bakin mai gadi, har gidajen iyayen da ba su taɓa ganin fuskarta ba. Dalilin sunan kuwa ba ɓoyayye ba ne. Duk yaron da ya miƙe a ajinta ya zubo amsa tiryan-tiryan kamar yadda take a littafi, sai ta gyaɗa kai ta ce, "Madalla. To zo ka nuna mini." A nan ake rabuwa tsakanin wanda ya sani da wanda ya ji ana faɗa.

'Yar mai gyaran fanka ce. Shagon babanta ɗan tsugul ne, cike da fankokin da masu su suka manta da su, da dutsen guga, da wayoyi a rataye kamar shanya. Allah bai ba shi ɗa namiji ba, kuma bai taɓa nuna ya damu ba. Ita ce ke kai masa abincin rana, in ta kai kuwa ba ta tafiya sai an kore ta. Abin da ya fi burge ta shi ne yadda yake yi da masu kawo gyara. Mutum zai shigo yana cika baki, "Ai na san matsalar, wayar ciki ce ta ƙone." Sai baban ya karɓi fankar ya ajiye a kan tebur, ya ce, "To, mun ji ta bakinka. Bari mu ji ta bakin fankar." Wani lokaci mai fankar ne da gaskiya, wani lokaci ba shi ba ne. Ko ta yaya ta kaya, baban ba ya yi wa kowa dariya.

Ta yi karatu ba tare da wata wahala ba, ta shiga kwalejin horar da malamai ta karanta kimiyya, ta fito aka tura ta ƙaramar sakandare. A shekarar ta yi aure. Mijin direban motar asibiti ne, mutum mai sanyin hali da yawan barkwanci, wanda tun kafin ta karɓi albashin farko yake kiranta Farfesa.

Shekarunta na farko ta koyar yadda aka koyar da ita. Ta cika allo da rubutu, yara su kwafa, su haddace, ranar jarrabawa su mayar mata da kayanta. Sakamako yana kyau, shugaban makaranta yana yabo. Sai wata rana da zafi ya tsananta ta shiga aji biyu da gorar ruwan sanyi a hannu, ta ajiye a kan tebur. Kafin ta gama kiran suna jikin gorar ya jiƙe sharkaf. Haka kawai ta ɗaga ta ta tambaya, "Wannan ruwan da ke jikin gorar nan, daga ina ya fito?"

Hannuwa suka tashi. "Gorar ce ke yoyo, Malama." "Ruwan ciki ne ke fitowa ta jikin robar." Wani ma ya ce gumi gorar take yi, aji ya kwashe da dariya. Waɗannan yaran kuwa ba su daɗe da rubuta mata, ba kuskuren ko harafi ɗaya, yadda tururin da ke cikin iska yake komawa ruwa idan ya taɓa abu mai sanyi ba. Ta ba su maki cikakke da hannunta.

Ba ta yi fushi ba, ba ta kuma karaya ba. Ta dai gane cewa jarrabawarta tana auna ƙarfin hadda ne, alhali ita kimiyya aka ɗauke ta ta koyar. Da ta gane haka kuwa ba ta tsaya dogon tunani ba. Akwai wani ɗaki a ƙarshen baranda da ake kira ɗakin gwaje-gwaje, amma abin da ke ciki karyayyun kujeru ne da tsofaffin ganguna na 'yan fareti. Ta nemi makulli, ta sa aka fitar da tarkacen. Dogayen tebura suka bayyana, da famfo guda wanda ba ya kawo ruwa, don haka ta sa bokitai a ƙarƙashinsa. Daga nan ta shiga tsince-tsince: kwalaben da aka gama amfani da su, ƙusoshi, murafan gora, zare, ƙwan tocila, guntayen waya daga shagon babanta. Gidanta ma bai tsira ba.

"Farfesa," in ji maigidan wata safiya yana juya shayi da bayan wuƙa, "don girman Allah ki bar mana cokali ko ɗaya ne a gidan nan."

"Ilimi suka tafi nema," ta ce. "Za su dawo."

Shugaban makarantar dattijo ne mai son zaman lafiya, wanda babu abin da ya tsana kamar ganin iyaye a bakin ofishinsa. Ta same shi ta ce tana son kashi ɗaya cikin uku na makin kowane zango ya fito daga aikin hannu. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Malama, takarda ba ta gardama. In uba ya zo, sai in buɗe masa ya gani. Wannan naki, me zan buɗe?"

"Ranka ya daɗe, in uba ya zo ka turo mini shi. Zan ba shi kujera ya zauna ya kalli ɗansa yana aiki."

Ya dube ta ya ga ba da wasa take ba. Ya ce a gwada zango ɗaya. Zango ɗayan nan ne ya zama shekaru.

Ranar jarrabawarta ba ta kama da ta kowa. Kowane tebur da aikinsa, yara suna zagayawa in ta buga ƙararrawa. A wani tebur ruwa ne mai laka da tsumma da yashi, a tace. A wani a auna tsawon inuwa. A wani a gano ko sukari ya fi saurin narkewa a ruwan ɗumi ko a na sanyi. Ita kuma tana yawo a tsakaninsu hannu a baya, hannuwansu take kallo fiye da takardunsu. Tana so ta ga ko yaro ya faɗi abin da yake zato kafin ya fara. Tana so ta ga ko ya san cewa in zai gwada zafin ruwa, dole sukarin ya zama daidai a kofunan biyu, kada ya juya ɗaya ya bar ɗaya. Tana lura da mai durƙusawa ya daidaita idonsa da layin kwalbar awo, da mai leƙowa daga sama ya rubuta abin da ya ga dama. Amsar ƙarshe tana da makinta, amma ba ita kaɗai ba ce. Yaro yana iya kuskure amsa ya tashi da maki mai kyau, in hanyar da ya bi mai kyau ce kuma ya iya faɗin inda yake zaton ta karkace.

Yara suka so abin, ko da yake suna tsoronsa. Wasu da ake yi wa kallon daƙiƙai suka ɗago kai. Wasu masu ƙoƙarin takarda suka ƙara ƙoƙari, domin yawancinsu da ma sun iya, dama ce ba a ba su ba. Komai yana tafiya lafiya lau har shekarar da 'yar yayar mijinta ta shigo aji biyu.

Yayar mijin nan ba ƙaramar mace ba ce a dangi. Ita ta riƙe ƙannenta bayan rasuwar mahaifinsu, tana da kantin kayan masarufi a bakin titi, kuma in ta yi magana a gidan Inna, mahaifiyarsu, ba a cika maimaitawa ba. Kowa Yaya yake ce mata, har Malama. 'Yarta kuwa tun daga firamare ba ta taɓa zuwa ta biyu ba, shi ya sa gida da makaranta ake kiranta Ta-Ɗaya. Yarinya ce mai natsuwa da tsabtar rubutu, in ta karanta shafi sau biyu ya zauna. Likita take son zama. A gida Anti take ce wa Malama, tana zuwa ta taya ta wanke-wanke a ƙarshen mako. A makaranta kuwa sai "Malama," da ɗan rusunawa, kamar ba su taɓa cin abinci a kwano ɗaya ba.

A jarrabawar ƙarshen zangon farko akwai teburin lantarki. An ajiye tire-tire, kowanne da batir da wayoyi da ƙwan tocila, da cokali, ƙusa, roba, guntun katako. Aikin shi ne yaro ya haɗa, ya sa kowane abu a tsakanin wayoyin, ya rubuta ko ƙwan ya kama ko bai kama ba, sannan ya faɗi abin da ya fahimta. Malama ta gwada dukkan batiran da yamma ana gobe jarrabawa, duk suna aiki. Abin da ba ta lura ba shi ne a tiren da ke bakin taga wayoyin biyu sun kwana a haɗe, batirin ya tsiyaye kafin gari ya waye.

Ana tsakiyar jarrabawa wani yaro ya ɗaga hannu daga bakin tagar.

"Malama, batirin nan ya mutu."

"Ta yaya ka sani?"

"Na sa ƙusa bai kama ba, na sa cokali bai kama ba. Sai na cire komai na haɗa wayoyin kai tsaye. Ko ƙyas."

Ta gwada da kanta, haka ne. Ta canza batir, jarrabawa ta ci gaba. Da aka tashi ta ware takardun waɗanda suka riga shi zama a kan tiren. Su uku ne. Na farko ya rubuta "bai kama ba" tun daga sama har ƙasa, ya ƙare da cewa babu abin da wuta ke bi ta cikinsa. Ta biyu ma "bai kama ba" ta jera, amma ta ƙara a ƙasa da ɗan ƙaramin rubutu: "Na yi mamakin ƙusa." Ta uku Ta-Ɗaya ce. Da kyakkyawan rubutunta ta sa: cokali, ya kama, ƙusa, ya kama, roba, bai kama ba, katako, bai kama ba. Bayaninta kuwa ko mawallafin littafin sai haka.

Malama ta daɗe tana kallon takardar. Ta san abin da zai biyo baya, ta san gidan da za a kai maganar. Ta ɗauki jan biro ta ba yarinyar cikakken makin bayani, a gurbin lura kuma ta sa sifili, ta rubuta a gefe: "Me kika gani?"

Washegari ta kai wa shugaban makaranta labarin tun kafin wani ya kai masa. Ta ce batir ɗaya ya mutu, za ta sake wa yaran da abin ya shafa aikin da sabon batir don su sami makin haɗawa da na fahimta, amma makin lura na ranar yana nan yadda yake. Dattijon ya lissafa a ransa, ya ga inda aka dosa.

"Wato yarinyar nan za ta sauka daga ta ɗaya."

"Da alama."

"Malama, ga hanya mai sauƙi. Tunda kayan aiki ne suka lalace, a duba kowa da amsar littafi. Wanda ya dace ya dace. Ba mai cewa uffan."

"Ranka ya daɗe, in na yi haka, yaran nan biyu da suka rubuta gaskiyar abin da ya faru a gabansu su ne za su faɗi. Wadda ta rubuta abin da bai faru ba ita za ta ci. Gobe da wane baki zan ce musu su rubuta abin da suka gani?"

Ya buga biro a tebur. "Ai 'yarku ce, ko?"

"'Yata ce. Shi ya sa ma."

Ya yi ajiyar zuciya ya ce ta yi yadda ta ga ya dace, amma in uwar ta zo, shi yana da taro.

Uwar ba ta je makaranta ba. Aike ta yi cewa tana son ganin Malama da mijinta a gidan Inna. Suka same ta a falo ta sha mur, takardar yarinyar a kan cinyarta. Inna tana gefe a kan tabarma tana gyaran wake a faranti, kamar ba ta san abin da ake ciki ba. Bayan gaisuwa, wadda Yaya ta amsa a taƙaice, aka shiga magana.

"Ni ban yi zurfi a boko ba," in ji Yaya, "don haka ki fahimtar da ni. Cokali yana ɗaukar wuta ko ba ya ɗauka?"

"Yana ɗauka, Yaya."

"Ƙusa fa?"

"Ita ma."

"To me yarinyar nan ta rubuta da ya saɓa?"

"Ta rubuta ƙwai ya kama. Ƙwan kuwa bai kama ba, batirin a mace yake."

"Ke kin gani da idonki? Wa ya sani ko bayan ta tashi ya mutu?"

"Ban gani ba. Amma yara biyu sun zauna a wurin kafin ita, duk bai kama musu ba. Wanda ya zo bayanta ma haka. Batir ba ya mutuwa ya farfaɗo don mutum ɗaya ya sake mutuwa."

Inna ta yi 'yar dariya a cikin farantinta. Yaya ta harare ta, ta juyo.

"To a kira ta a tambaye ta."

"A'a, Yaya. Ba zan tsayar da ita a gaban manya in sa ta zaɓi tsakanin kunya da ƙarya ba. Ni da ita za mu yi magana."

"Batirinki ne ya mutu, amma 'yata ce za ta biya."

"Abin da batirin ya ɓata zan sake musu, har da ita. Abin da ta rubuta kuwa ba batir ne ya rubuta ba." Malama ta sassauta murya. "Yaya, duk wata kina zuwa awon sukari. A ce na'urar ta ƙi aiki, sai mai awon ya duba fuskarki ya ga kin yi kyau, ya rubuta lafiya lau don ya san haka ake so a gani. Za ki koma wurinsa? Yarinyar nan likita za ta zama, in Allah ya yarda. Gara ta koyi wannan a kan cokali."

Yaya ta kawar da kai. Ta juya kan ƙanenta. "Kai kuma ka yi gum kamar an dasa ka."

"Yaya, ni direba ne," ya ce yana shafa ƙeya. "In mata biyu masu gaskiya suka haɗu a mararraba, taka birki nake yi."

"Ku dai ku bar mini ƙawata ta huta," in ji Inna, ba ta ɗago kai ba. "Tun tana 'yar mitsitsiya kuka ɗora mata ɗaya a ka kamar tulu. Ko wuyanta ba ya ciwo?"

Yaya ta naɗe takardar ta sa a jaka, ta yi wa Inna sallama, ta fita ba ta dubi kowa ba.

A mota maigidan ya saci kallon matarsa. "Farfesa, kin san Yaya za ta sha mana kunu na ɗan lokaci."

"Na sani."

"Ba kya jin ko ɗar?"

"Ina jin ba daɗi. Ɗar kam babu."

A makaranta Malama ta sami yarinyar ita kaɗai bayan an tashi, ta ce ta taya ta kwashe kwalabe. Suka yi ta jerawa a kwali. Can Ta-Ɗaya ta tsaya da kwalba a hannu, idonta ya cika.

"Na ɗauka ni ce ban iya haɗawa ba, Malama. Na kwance na sake, na kwance na sake. Na ga kowa nasa yana kamawa. Ga lokaci yana tafiya."

"Me ya hana ki ɗaga hannu?"

"Sai a ce Ta-Ɗaya ta kasa kunna ƙwan tocila."

Malama ta karɓi kwalbar ta ajiye, ta jawo mata kujera. "Saurara. Haɗinki daidai ne, na tabbata. Kin yi aikin, aikin ya ba ki amsa, sai kika ƙi yarda da idonki kika yarda da littafi. Littafin nan wasu ne suka rubuta shi bayan sun ga abu da idonsu. In naki ya saɓa da nasu, ko dai akwai abin da ya lalace, ko akwai abin da ba a sani ba tukuna. Duk biyun ana so a ji. Da kin rubuta 'bai kama ba, ban san dalili ba,' da kin cinye makin nan duka."

"Ko da ba daidai ba ne?"

"Daidai ne mana. Shi ne abin da ya faru."

Yarinyar ta share hawaye da gefen hijabinta. "Anti, Mama ta ce kada in ƙara zuwa gidanki."

"To ki bi maganar mamanki. Gidan yana nan, ba inda za shi."

A zangon nan Ta-Ɗaya ta zo ta uku. Yara suka yi ta ƙus-ƙus na kwana biyu, suka manta, sunan ma bai canza ba. Yaya kuwa ba ta manta da wuri ba. In an haɗu a gidan Inna gaisuwa ce kawai, ita ma a tsaye. Malama ba ta fasa gaishe ta da ladabi ba, ba ta fasa aika mata yara da saƙo ba, ba ta kuma taɓa tayar da maganar ba. Ta san Yaya: mace ce da ba ta iya cewa ta yi kuskure, amma ta iya gyarawa.

A zango na biyu ana awon nauyin duwatsu da sikeli, sai ga hannun Ta-Ɗaya a sama. Aji ya yi tsit, domin ba a saba ganin hannun nan ya tashi sai don ba da amsa ba.

"Malama, nawa bai yi daidai da na kowa ba. Ya fi nasu nauyi."

"To me za ki yi?"

"Zan sake." Ta sake, ya ba ta abin da ya ba ta da farko. Ta sauke dutsen ta tsura wa sikelin ido. "Allurar ba ta kan sifili tun kafin a ɗora komai."

"Rubuta haka," in ji Malama, ta wuce tebur na gaba kamar ba wani abu ne ya faru ba. Sai da ta juya baya ta bar murmushin ya fito.

Ba a daɗe ba, wata ranar hutu da hantsi, aka yi sallama a ƙofar gida. Yaya ce, da buhu a hannu, Ta-Ɗaya a bayanta da wani. Ta dire nata a tsakar gida ya yi ƙara.

"Kwalabe ne da gwangwanaye, sun cika mini bayan kanti. An ce kina tsince-tsince."

"Kai, Yaya, an gode. Allah ya ƙara kasuwa."

"Ni dai kawar mini da shara kika yi." Ta nemi kujera ta zauna, ta kwance mayafi. "Ba a ba baƙo ruwa ne a gidan nan, ko shi ma sai an auna?"

Daga ranar magana ta wuce. Yarinyar ta gama makarantar tana tsakanin ta ɗaya da ta biyu, wani lokaci ta uku, kuma ta daina rashin lafiya a daren jarrabawa, abin da uwar ce da kanta ta fara lura da shi. Likitancin bai samu ba, amma ta karanta harhaɗa magunguna, tana kuma aikinta a wani babban asibiti.

Malama tana nan a makarantar. Dattijon shugaban ya yi ritaya, an yi wasu bayansa, kowanne ya tarar da jarrabawar tebur ya bar ta yadda take. Malaman wasu makarantu kan zo su tsaya a bakin ƙofa su kalla, wasu su koma su gwada, wasu su ce wahalar ta yi yawa. Ba ta jayayya da su, domin wahalar akwai ta. Gwiwoyinta sun fara ƙorafi, yanzu da kujera take zagayawa, tana ja daga tebur zuwa tebur.

A bara aka turo mata wata sabuwar malama, yarinya ɗanya shakaf daga jami'a, mai saurin magana da saurin tafiya. Ba ta yi wata biyu ba ta zo da shawara: a jarrabawar aji uku a ware tebur ɗaya da babu umarni ko kaɗan. A ba yara tambaya kawai, wane irin tsumma ne ya fi shan ruwa, a zube musu kaya, su tsara gwajin da kansu.

"Za su mayar mana da ɗakin nan kududdufi," in ji Malama.

"Za su yi, Malama. Amma in kullum mu ne ke faɗa musu matakin farko da na biyu, ba za mu taɓa sanin ko za su iya farawa da kansu ba."

Malama ta dube ta sama da ƙasa. Maganar ta shige ta, ko da yake ba ta so ta nuna da wuri ba. "Ke za ki goge ƙasa."

"Na yarda."

Ɗakin ya zama kududdufi kamar yadda ta faɗa. Wani yaro ya tsoma dukkan tsummokaran a bokiti ɗaya ya rasa abin da zai auna. Wata ta zame ta zauna daɓas a ruwa, aka yi ta dariya. Amma a can ƙarshen teburin Malama ta ga yarinya ta ɗauki almakashi, ba wanda ya ce mata, tana yanka tsummokaran su zama girma ɗaya kafin ta taɓa ruwa. Na kusa da ita kuma yana matse kowanne a kwalbar awo yana rubutawa. Malama ta ja kujerarta ta matsa kusa, ta zauna tana kallo har aka buga ƙararrawa.

Da yara suka watse, sabuwar malamar ta ɗauko tsumman goge ƙasa tana satar kallonta, tana jiran hukunci.

"Teburin nan ya zauna," in ji Malama. "Amma zango mai zuwa a baranda za a yi shi, kuma rabin bokiti za a ba su. Miƙo mini ɗaya tsumman, ki fara daga bakin ƙofa, ni in fara daga nan."